Babi na Tara: Karkarwa da Gardamar Giya a Motar da Aka Sauya wa Ƙira

Duk motar da ta fito daga kamfani, ta fito ne bisa wata yarjejeniya da maƙeranta suka ƙulla tsakanin gaɓoɓinta, domin ba su tsayar da nauyin faifan ƙarfen da ke bayan injin ba sai da suka san ƙarfin bugun injin, ba su yanka tsawon farfela ba sai da suka san inda giya za ta zauna da inda aksal na baya zai tsaya, ba su kuma zuba robar da injin ke zaune a kanta ba sai da suka auna irin karkarwar da suke so ta haɗiye. Muddin mota tana kan wannan yarjejeniya, littafin kamfani nassi ne a hannun bakanike, ya duba alama, ya buɗe shafi, ya tarar da hukunci. Amma ranar da mai mota ya ɗora mata injin wata, ko ya ɗaga ta, ko ya sauke ta, ko ya sa mata kulochin da ba nata ba, to, ta fita daga ƙarƙashin nassin nan, ba abin da ya rage wa mai gyara sai ƙiyasi da lura da haƙuri, kuma a nan ne ake rarrabe bakanike da mai kwance noti.

Kada mai karatu ya zaci wannan mas'ala ta masu tseren motoci ce na Turai da Amurka kaɗai. A ƙasarmu larura ce ke sauya ƙirar mota fiye da sha'awa. Peugeot 504, wadda aka fara ƙerawa a Faransa a 1968, aka kuma shiga harhaɗa ta a Kaduna tun daga 1975, ta daɗe a kan titi har injinta na asali ya gaji, masu ita suka riƙa ɗora mata abin da suka samu a Ƙofar Ruwa ko Fanteka. Ga akori-kurar da aka ƙara wa sifirin domin ta ɗauki buhunan hatsi fiye da kima. Ga ƙananan motocin haya da aka ɗaga wa baya saboda lodi. Ga mota mai otomatik da aka mayar mai giyar hannu don gudun tsadar gyara. Ga kuma samarin da ke sauke mota ƙasa su sa mata manyan wili domin ƙawa. Niyyarsu ta sha bamban, amma ƙorafin da suke kaiwa gareji ɗaya ne: mota tana karkarwa, giya tana gardama.

Tambayar farko da ya wajaba a yi ita ce, karkarwar nan sawun wa take bi? Gama babu karkarwar da ke zaman kanta, dole akwai wani abu mai juyawa da ke haifar da ita, kuma abubuwa masu juyawa a cikin mota sun kasu gida uku, kowane da saurinsa. Tayar da kewayenta ya kai kimanin mita 2, idan mota tana tafiya kilomita 100 a sa'a, tana juyawa wajen sau 14 a daƙiƙa. Farfela kuwa, tun da aksal na baya yana rage saurinta wajen sau huɗu kafin ya miƙa wa tayoyi, tana juyawa wajen sau 56 a wannan daƙiƙar. Injin mai silinda huɗu yana bugu sau biyu a kowane juyi, saboda haka idan yana juyi 3,000 a minti, bugunsa sau 100 ne a daƙiƙa. Jikin mutum yana rarrabe waɗannan ko da bai san lissafi ba: ta taya jijjiga ce mai girgiza sitiyari ko kujera har ka ga gwiwarka tana rawa, ta farfela gurnani ce mai tasowa daga ƙasan mota tana sa madubi ya dushe, ta injin kuwa tsuwwa ce mai hawa da sauka tare da totur.

Hanyar rarrabewa ba ta bukatar na'ura, sai miƙaƙƙen titi marar cunkoso da direba mai natsuwa. A kai mota saurin da karkarwar ta fi tsanani, a ce kilomita 90, a riƙe ta a giya ta huɗu, sannan a koma ta biyar ba tare da an sauya saurin tafiya ba. In karkarwar ta sauya, to injin take bi, domin shi kaɗai ne saurinsa ya sauya. In kuwa tana nan yadda take, to tana bin taya ko farfela. Daga nan a sa giya a firi, injin yana kunne, a bar mota ta gangara da kanta. Abin da ya ɗore a wannan hali na rashin daidaiton nauyi ne ko lanƙwasa, abin da ya ɓace kuwa ya dawo da zarar an taka totur, wannan na gaɓar da ke shan wuya ne sa'ad da ƙarfi ke ratsa ta. A ƙarshe a tsaya wuri ɗaya, a tayar da injin zuwa juyin da yake yi a kan titi ɗazu. In karkarwar ta bayyana mota tana tsaye, an wanke taya da farfela gaba ɗaya daga tuhuma. Na sha ganin an sauya tayoyi huɗu saboda karkarwar da ke nan daram mota tana tsaye a gareji, alhali jarrabawar minti ɗaya ta isa ta hana wannan asara.

Batun taya ba zai ɗauke mu lokaci ba, tun da kowa ya san balansin. Abin da ake yawan mantawa shi ne wilin da aka aro daga wata mota, wanda ramin tsakiyarsa ya fi kan habu faɗi, ta yadda notuna kaɗai ke riƙe shi, ya zauna ɗan karkace. Irin wannan ko an kai shi balansin sau goma, na'ura za ta ce lafiyarsa lau, titi ya ce ƙarya ne. Zobe ake sa masa ya cike giɓin.

Farfela ce ta cancanci a zauna a kanta, domin a nan ilimin yake, a nan kuma aka fi tafka kuskure. Gaɓar nan mai siffar gicciye da ke kowane ƙarshenta, wadda kanikawa ke kira kuros, tsohuwar hikima ce da ake danganta wa Cardano, masanin Italiya na ƙarni na 16, kuma Robert Hooke na Ingila, a ƙarni na 17, shi ne ya yi nazarinta ya tabbatar da wata ɗabi'a tata mai ban mamaki, wato idan ta lanƙwasa ba ta miƙa juyi kamar yadda ta karɓe shi. Ko da abin da ke shigowa yana juyawa a sauri ɗaya tak, abin da ke fita yana yin gaba ya yi baya, ya ƙara sauri ya rage, sau biyu a kowane juyi, kuma gwargwadon girman lanƙwasa gwargwadon girman wannan saɓani. A digiri 3 bai kai a lura da shi ba. A digiri 10 ya kai kimanin kashi ɗaya da rabi cikin ɗari sama da ƙasa. A digiri 30 ya kai kusan kashi 15. Dabarar da maƙera suka yi ita ce su sa kuros biyu, na gaba ya ɓata na baya ya gyara, amma gyaran ba ya tabbata sai da sharuɗɗa biyu: lanƙwasar gaba da ta baya su zo daidai da juna, bambancinsu kada ya wuce wajen digiri ɗaya, sannan kunnuwan da ke riƙe kuros a ƙarshen farfela biyu su kasance a layi guda.

To, duba abin da ke faruwa ga akori-kurar da aka ƙara wa sifirin. Jikinta ya tashi, giya ta tashi tare da shi, aksal yana nan ƙasa, lanƙwasar ta ƙaru. In kuma an yi rashin sa'a hancin aksal ya karkata, sharaɗin farko ya rushe. Mai ita zai ce maka motar tana lafiya idan an yi mata lodi, tana karkarwa idan ba kowa a baya, shi yana ganin abin kamar almara, alhali shaida ce mafi ƙarfi da ya kawo, domin lodi ne ke danne sifirin ya mayar da lanƙwasar kusa da inda kamfani ya ajiye ta. Maganin ba sauya kuros ba ne, ko da yake lanƙwasar za ta cinye shi da wuri; magani shi ne a auna karkatar giya da ta farfela da ta aksal, mota tana tsaye a kan tayoyinta a ƙasa mai lebur, ba a kan jak ba, abin da ko wayar hannu ta zamanin nan tana iya aunawa, sannan a cusa siririn ƙarfe mai siffar tsinin gatari tsakanin sifirin da aksal, ko a ɗan sauke mazaunin giya, har lanƙwasar biyu su daidaita. Ba a kuma neman a miƙe ta sak, ana barin ɗan abin da bai gaza rabin digiri ba, domin ƙananan alluran da ke cikin kuros su riƙa juyawa suna shan giris, kada su tsaya wuri ɗaya su yi wa kansu rami.

Sharaɗi na biyu kuwa sakaci ne ke rushe shi. Yaron gareji ya zare farfela mai zamiya gida biyu, ya mayar ya kuskure da haƙori ɗaya ko biyu, kunnuwa suka saɓa, mota ta fita da karkarwar da ba ta shigo da ita ba. Alli na sisin kwabo da za a ja layi da shi kafin a kwance ya isa ya hana wannan. Mafi wuya shi ne farfelar da aka yanke aka sake waldawa domin ta dace da sabuwar giya, kamar yadda ke zama tilas ga mai 504 da ya ɗora giyar wata mota, tun da farfelarta ta asali a cikin bututun ƙarfe take wanda ya haɗe giya da aksal. Mai walda yana iya yin aiki mai kyau a ido, amma nauyin da ya karkata gefe ɗaya, ƙarfin fizgarsa yana ninkuwa huɗu duk sa'ad da sauri ya ninku biyu, shi ya sa motar ke tafiya salin-alin a cikin gari, ta fara kuka da an hau hanyar Zariya. Irin wannan farfela sai an ɗora ta a kan injin juyi an auna miƙewarta, an kuma daidaita nauyinta.

Motocin da ke ja da tayoyin gaba ba su da wannan saɓani na Hooke a shaf ɗinsu, albarkacin gaɓa mai ƙwallaye da Alfred Rzeppa, injiniya a kamfanin Ford, ya ƙirƙiro a shekarun 1920, wadda ke miƙa juyi daidai ko ta lanƙwasa. Duk da haka, in aka ɗaga mota ko aka sauke ta fiye da kima, gaɓar ciki, wadda ke kusa da giya, takan koma aiki a inda ba ta saba ba, ƙwallayenta ko nadinta su riƙa hawa gefen ramin da suka riga suka ci, sai ka ji gaban mota yana rawa hagu da dama idan an taka totur, ya yi shiru da an ɗaga ƙafa. Ƙas-ƙas ɗin da ake ji wajen shan kwana kuwa na gaɓar waje ne, wannan kowa ya san shi.

Idan shaidu sun nuna injin, to akwai wata gaskiya da mai mota ba ya son ji, wato wata karkarwar ba cuta ba ce, farashin abin da ya zaɓa ne. Tun daga 1985, lokacin da kamfanin LuK na Jamus ya fara fitar da faifan bayan injin mai gida biyu da sifirin a tsakani, motoci da yawa, musamman masu shan gas, sun dogara da shi wajen tace bugun injin kafin ya isa giya. Faifan nan yana da tsada, saboda haka idan ya mutu, ko idan mai mota yana son injin ya riƙa tashi da zafi, akan maye gurbinsa da dunƙulalle, wani lokaci ma marar nauyi. Sakamakon haka, injin mai silinda huɗu da ke silo a juyi 800 zai riƙa aika bugu wajen 27 a daƙiƙa kai tsaye cikin giya, haƙoran da ba su ɗauke da kaya su riƙa karo da juna, a ji kwaramniya idan mota tana firi, ta ɗauke da an taka kulochi. Boris ɗin shaf na gaban giya idan ya ci shi ma yakan yi shiru da an taka kulochi, amma nasa gurzawa ne mai ƙaruwa da totur, ita kuwa kwaramniyar haƙora takan lafa da an ɗan ɗaga injin sama da silo. Wanda ya buɗe giya yana neman abin da ya karye saboda wannan kwaramniya, zai rufe ta bai ga komai ba. Haka nan wanda ya cire robar injin mai taushi ya sa mai tauri, ko ya cika ta da narkakkiyar roba kamar yadda wasu ke yi, bai kamata ya yi mamaki ba in sitiyari ya riƙa kaɗawa a hannunsa a cikin cunkoso.

Mu koma kan gardamar giya. A nan ma akwai jarrabawa mai raba gardama tun kafin a taɓa sufana. A kashe injin, a taka kulochi, a bi giyoyin ɗaya bayan ɗaya. In sun ƙi shiga injin yana kashe, laifin yana ga sandar giya da igiyoyinta ko robobinta, ko kuwa cikin giyar kanta. In sun shiga sumul, amma da an kunna injin suka fara turjiya, to kulochi ne bai saki gaba ɗaya ba. Ribas ita ce amintacciyar mai shaida a nan, domin a yawancin tsofaffin giyoyi ba ta da zoben da ke daidaita sauri: a taka kulochi har ƙasa, a jira daƙiƙa uku zuwa biyar, a sa ribas, in ta yi ƙara, akwai abin da ke ci gaba da jan shaf ɗin giya alhali an sallame shi. Sabubban suna da yawa a motar da aka yi wa sauyi: iska a cikin man kulochi, ko famfon sama na wata mota da na ƙasa na wata, waɗanda girmansu bai dace ba har tafiyar ta gaza, ko murfin kulochi mai tauri da ke lanƙwasa cokalin da ke tura shi, ko filet ɗin kulochin da aka juya baibai, ko wanda aka tanƙwara wajen haɗi saboda an bar nauyin giya ya rataya a kansa kafin a ɗaure notuna.

In kuwa giya ɗaya ce tak ke ƙara, galibi ta biyu, sauran lafiya, hankali sai ya koma kan zoben tagullar nan da ke cikin giya, wanda aikinsa shi ne ya kama haƙorin da za a shiga ya daidaita saurinsa kafin su haɗu, dabarar da Earl Thompson ya ƙirƙiro, Cadillac ta fara sa wa motocinta a 1928. Tsofaffin direbobin manyan motoci, waɗanda suka koyi tuƙi kafin wannan sauƙi ya game ko'ina, suna taka kulochi sau biyu, su saki a firi su ɗan ba da wuta sannan su shiga. Wannan tsohuwar al'ada ta zama ma'auni a yau, domin in ƙarar ta ɓace da an yi haka, an tabbatar zoben ne ya cinye. Sai dai kafin a yanke masa hukunci a tambayi man da aka zuba. Zoben yana aiki ne da gurza, man aksal mai lamba GL-5 kuwa an ƙara masa sinadarai masu yawa domin haƙoran aksal, waɗanda ke iya rage wa zoben kamu, wasu ma su ci tagulla, shi ya sa giyoyi da yawa GL-4 suke bukata. Akwai kuma masu ɗura mai kauri, mai lamba 140, domin su rufe bakin giya mai kuka kafin a kai mota kasuwa. Wanda ya saya zai gane da safiyar hunturu a Jos, ranar da giya ta biyu za ta ƙi shiga sai an yi tafiya man ya ɗumama.

Abin da na fi so mai karatu ya riƙe daga wannan babi shi ne halin da ƙorafin biyu ke zuwa tare, mota tana karkarwa, giya tana gardama, wani lokaci ma tana fita da kanta in an ɗaga ƙafa daga totur. Mai gaggawa zai ɗauka cuta biyu ce ya sayi magani biyu, alhali sau da yawa illa ɗaya ce, wato tsakiyar injin da tsakiyar giya ba su kan layi guda. Ba notuna ne ke daidaita giya da injin ba, notuna matsewa kawai suke yi. Masu daidaitawa wasu gajerun turaku ne guda biyu da ke shiga ramukansu cif, kuma su ne abin da ke saurin ɓata in an sauke injin, ko a bar su a jikin tsohon injin, ko a rasa inda za a sa su a jikin farantin da aka ƙera a gida domin haɗa injin wata da giyar wata. Kaucewar da masu wannan aiki ke yarda da ita ba ta wuce kimanin kashi ɗaya cikin takwas na milimita ba, abin da ido ba ya gani, sai agogon awo. In ta wuce haka, shaf ɗin giya zai riƙa juyawa a karkace, filet ya riƙa gogar faifai ko an taka kulochi, boris ya ci, giyar da ke haɗa shaf da shaf kai tsaye ta riƙa tsalle tana fita.

Ɗan'uwan wannan shi ne ƙaramin boris ko zoben tagullar da ke zaune a ramin ƙarshen karanshaf, wanda ke riƙe hancin shaf ɗin giya a motoci masu ja da baya. Injin da aka ciro daga mota mai otomatik ba ya zuwa da shi, domin can ba a bukatarsa, kuma mai haɗi in bai leƙa ramin ba, zai ɗaure komai, mota ta tashi, ta yi tafiya, sai bayan 'yan makonni a fara jin gurnani da turjiya, a yi ta zargin giyar da aka sayo. Saboda haka bakanike mai hankali, kafin ya shiga ƙarƙashin mota, yakan zaunar da mai ita ya ce, "Alhaji, me da me aka sauya, wanne aka fara, kuma bayan wanne ne abin ya soma?" Amsar nan takan rage rabin aiki, in mai motar ya faɗi gaskiya, domin wasu sukan ɓoye cewa sun kai ta wani wuri kafin su zo. Daga nan sai a riƙa mayar da abu ɗaya a fita gwaji, a dawo a mayar da na biyu, domin wanda ya sauya robar injin da kuros da man giya rana ɗaya, ko motar ta warke bai san wanne ne ya warkar da ita ba, in kuma ba ta warke ba bai san wanne ne cikin sababbin ya zo da nasa aibin ba. Robar injin ake farawa da ita saboda arha da sauƙin dubawa: a ja birkin hannu, a sa wani ya taka birki ya sa giya ta ɗaya ya ɗan saki kulochi, mai dubawa yana tsaye a gefe, ba a gaban mota ba, yana kallon yadda injin ke ɗagawa. In ya yi tsalle ya daki wani abu, ba sai an sauke giya ba tukuna.